DUNIYAR DABBOBI: Ɗan Pekin, Karen Fadar Sarakunan Sin

 A wannan wata za mu bar shanu da tumaki da kaji su ɗan huta, mu leƙa ƙasar Sin domin mu kawo muku labarin wani ɗan mitsitsin kare, wanda nauyinsa bai wuce na manyan zakaru biyu ba, amma ya shafe ɗaruruwan shekaru yana kwana a kan alharini a fadar sarakuna, bayi suna yi masa hidima. Turawan Ingila suna kiransa Pekingese, masu jin Faransanci kuwa su ce pékinois, duka daga sunan birnin Pekin, watau wanda ake kira Beijing a yau. Mu dai a nan za mu riƙa ce masa ɗan Pekin.

Mai yiwuwa wani ya ce, to mu ina ruwanmu da karen Sinawa? Gaskiya ne a wurinmu kare ma'aikaci ne: ko ya yi gadin gida, ko ya bi makiyayi, ko ya raka mafarauci daji. Batun ajiye shi a cikin ɗaki kuwa hurumin malamai ne, mun bar musu. Amma duk mai zaga unguwannin masu hali a Akra ko Kumasi ko Yawunde ko Yamai ya san cewa ƙananan karnukan waje, masu tulin gashi da fuska a shafe, sun shigo mana, har ana tallarsu ta wayar hannu, ana kuma zuba kuɗi masu yawa a kansu. Yara su gan su a talabijin, su matsa wa iyaye sai an saya. Abin da ya dame mu shi ne, da yawa daga cikin masu saye ba su san cewa wannan fuska da suka biya kuɗi dominta ita ce babbar cutar dabbar ba, balle a ƙasa mai zafi irin tamu. Kafin mu kai nan, bari mu fara daga tushe.

ASALINSA

Sinawa sun daɗe ƙwarai suna kiwon ƙananan karnuka a gidajen sarauta. A cikin zane-zanen zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907, ana ganin matan fada suna wasa da 'yan ƙananan karnuka masu gashi. Haka kuma a shekarar 2004, wasu masana a Amurka sun gwada ƙwayoyin halittar jinsin karnuka 85, suka buga sakamakon a mujallar Science, inda suka sanya ɗan Pekin a cikin rukunin tsofaffin jinsuna, tare da 'yan'uwansa Shih Tzu da Lhasa Apso, da kuma karen Basenji na tsakiyar Afirka.

Abin da ya ɗaukaka darajarsa shi ne zaki. Ƙasar Sin ba ta da zaki a dazuzzukanta, sai wanda sarakunan ƙasashen yamma da ita suka aiko a matsayin kyauta. To, da addinin Buddha ya shigo daga Indiya, wajen shekaru dubu biyu da suka wuce, sai ya zo da girmama zaki a matsayin alamar ƙarfi da tsaro. Shi ya sa har gobe za ka ga gumakan zakuna na dutse ko na tagulla a ƙofofin tsofaffin fadoji da wuraren ibada na Sin. Da yake zaki na gaskiya ya yi wuyar samu, sai masu kiwo a fada suka dinga zaɓen ƙananan karnukan da suka fi kama da waɗancan gumaka, masu faɗin kai da geza a wuya, suna haɗa su da juna, zuriya bayan zuriya, har aka sami abin da suka kira karen zaki.

Akwai ma wata tatsuniya da ake bayarwa a kan asalinsa. Wai zaki ne ya ga wata 'yar ƙaramar birinya, sonta ya kama shi, amma girmansa ya hana aure. Sai ya je ya roƙi Buddha ya mayar da shi ƙarami, amma ya bar masa zuciyarsa ta zaki. Aka yi masa yadda ya so, kuma wai 'ya'yan da suka haifa su ne 'yan Pekin. Tatsuniya ce, ƙurunƙus, amma masu kiwonsa suna cewa ta dace da halinsa, domin ga shi ɗan ƙarami, ga taurin kai da jin sarauta, ba ya kuma shakkar karen da ya ninka shi sau goma.

A zamanin daular Qing, daga 1644 zuwa 1912, babanni ne ke kula da waɗannan karnuka a cikin fada, kuma talaka ba shi da ikon mallakarsu. An ce wanda aka kama ya saci ɗaya, hukuncinsa kisa. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu, waɗanda ba su kai kilo uku ba, ana kiransu karnukan hannun riga, saboda manyan fada suna saka su a cikin faffaɗan hannun rigunansu suna yawo da su. Duk wanda ya san faɗin hannun babbar riga zai gane yadda abin yake.

YADDA YA FITA DAGA FADA

Yaƙi ne ya fitar da ɗan Pekin zuwa duniya. Daga 1856 zuwa 1860 Ingila da Faransa sun yaƙi Sin, a yaƙi na biyu da aka yi a kan cinikin ofiyam, watau wani abin sa maye da Turawa suka nace sai an bar su sun sayar wa Sinawa. A watan Oktoba na 1860 sojojin ƙasashen biyu suka isa Yuanmingyuan, wata ƙasaitacciyar fadar shaƙatawa ta sarki da ke bayan garin Pekin. Sarki Xianfeng ya riga ya gudu zuwa Chengde. Sojoji suka wawashe dukiyar fadar, sa'an nan babban wakilin Ingila, Lord Elgin, ya ba da umurni a ƙone ta, a matsayin ramuwar gayya kan wasu mutanensu da aka kama aka azabtar har wasu suka mutu. Wuta ta yi kwana uku tana ci.

A cikin ganimar da aka kwasa har da ƙananan karnuka biyar. Labarin da Turawa suka riƙa bayarwa shi ne, an same su ne a gefen gawar wata gwaggon sarki, wadda ta gwammace ta kashe kanta da ta faɗa hannun abokan gaba. Wani hafsa mai suna Kyaftin John Hart Dunne ya ɗauki guda ɗaya, mace, ya kai wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Sunan da aka raɗa mata shi ne Looty, wanda a Hausa kamar a ce 'Yar Ganima ne. Ka ji fa, ko kunyar abin ba a ji ba! Ta zauna a gidan karnukan sarauniya da ke Windsor har ta mutu a 1872. Sauran huɗun kuwa aka raba wa matan manyan gidajen sarautar Ingila.

Daga baya wasu suka biyo, ta hanyar sata ko kyauta. A 1896 an fitar da wani namiji mai suna Ah Cum zuwa Ingila, wanda ya zama ɗaya daga cikin kakannin 'yan Pekin na Turai, har ma aka adana gawarsa a gidan tarihin dabbobi na garin Tring. Uwar sarki Cixi, wadda ta riƙe ragamar mulkin Sin daga 1861 har mutuwarta a 1908, mai son waɗannan karnuka ce ƙwarai, kuma ta yi kyautarsu ga wasu manyan baƙi, ciki har da Alice, 'yar shugaban Amurka Theodore Roosevelt. A 1906 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta fara rajistar jinsin.

Kafin a jima ɗan Pekin ya zama abin yayi a tsakanin attajiran Turai da Amurka. Lokacin da jirgin ruwan Titanic ya nitse a watan Afrilu na 1912, mutane fiye da 1,500 suka halaka, karnuka uku ne kawai suka tsira, ɗaya daga cikinsu ɗan Pekin ne na wani attajiri Ba'amurke. Sunansa Sun Yat-sen, watau sunan jagoran juyin da ya kawo ƙarshen sarautar Sin a wannan shekara. Duniya ke nan: karen sarakuna ya ƙare da amsa sunan wanda ya kawar da sarakunan.

SIFFARSA

Tsayin ɗan Pekin daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 15 ne zuwa 23, watau wajen taƙi guda. A ƙa'idar masu kiwo na Ingila, ana so namiji kada ya wuce kilo 5, mace kuma kilo 5.4, a Amurka kuwa wanda ya haura kilo 6 da ɗan kai ba a karɓarsa a gasa. Amma in ka ɗaga shi za ka yi mamakin nauyinsa, domin ƙashinsa mai kauri ne. Yakan rayu shekara 12 zuwa 14.

Kansa babba ne in an gwada da jikinsa, faɗinsa ya fi tsawonsa, samansa kuma a baje. Idanunsa manya ne, baƙaƙe, kewayayyu, nesa da juna. Hancinsa baƙi ne, gajere, yana zaune kusan a tsakanin idanun, da ninkin fata da ya ratsa samansa daga kunci zuwa kunci. Kunnuwansa a kwance suke a gefen kai, dogon gashi yana zubowa daga gare su. Ƙirjinsa mai faɗi ne, ƙugunsa siriri. Ƙafafun gaba gajeru ne, masu kauri, a ɗan lanƙwashe kamar baka, na baya kuma ba su kai su kauri ba. Wannan gini ne ya sa in yana tafiya sai ka ga yana rangaji, yana taku ɗai-ɗai kamar basarake ya fito zaman fada. Wutsiyarsa a naɗe take a kan gadon baya, gashinta ya zubo gefe guda.

Gashinsa hawa biyu ne: na ciki mai laushi da kauri kamar auduga, na waje kuma dogo, miƙaƙƙe, mai ɗan kaushi. A wuya da kafaɗu ya taru ya yi geza irin ta zaki. Ana samun ja, da ruwan zinariya, da ruwan ƙasa, da baƙi, da fari, da mai roɗi-roɗi, kuma sau da yawa fuskar takan fi sauran jiki duhu. Wajen hali, yana manne wa mai shi, ba ya sakin jiki da baƙo, yana kuma da haushi in ya ji motsi, amma horar da shi sai mai haƙuri.

INDA GIZO KE SAƘA

A shekarar 1861 wani mai zane, Friedrich Keyl, ya zana hoton Looty, kuma hoton yana nan a cikin kayan tarihin gidan sarautar Ingila. Wanda ya dube shi ya kuma dubi ɗan Pekin na gasar yau zai ga bambanci a fili. Looty tana da baki da hanci da suka fito waje, gashinta daidai misali, ana ganin ƙafafunta. Bayan zuwan jinsin Turai ne alƙalan gasar karnuka suka dinga ba da lambar yabo ga wanda ya fi shafaffiyar fuska da tulin gashi, masu kiwo kuma suka bi inda riba take. Cikin shekaru ɗari, hanci ya koma ciki, gashi ya kai ƙasa.

To, ga inda matsalar take. An gajarta ƙashin fuska, amma naman da ke ciki bai ragu daidai da ƙashin ba. Naman ganɗa mai laushi da ke can bayan baki sai ya yi tsawo ya rufe bakin maƙogwaro, kafofin hanci kuma su matse. Wannan minshari da gurnani da wasu masu shi ke jin daɗin saurare, alama ce ta dabbar da ke kokawa da numfashi. Gurbin idonsa ba shi da zurfi, saboda haka ƙura da ƙaya da gashin kansa suna yi wa idon rauni, wani lokaci ma bugu kaɗan ko jan fatar wuya da ƙarfi yakan sa ƙwayar idon ta fito waje. Ninkin fatar hanci yana tara damshi ya zama gyambo. Gajerun ƙafafu da dogon baya suna jawo ciwon ƙashin baya, wanda kan kai ga shanyewar ƙafafu. Girman kan 'yan kwikwiyo kuma ya sa mata da yawa ba sa iya haihuwa sai an yi musu tiyata.

Turawan da kansu sun farga. A 2003 wani ɗan Pekin mai suna Danny ya cinye babbar gasar karnuka ta Ingila da ake kira Crufts, amma sai da aka ɗora shi a kan ƙanƙara lokacin ɗaukar hoto don kada zafi ya kayar da shi, daga baya kuma aka ji cewa an taɓa yi masa aiki a maƙogwaro. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya tona irin wahalar da karnukan gasa ke sha, abin ya tayar da ƙura, har BBC ta daina nuna gasar. A cikin wannan shekara ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta gyara ƙa'idar ɗan Pekin, ta ce dole a ga baki da hanci sun fito. A gasar 2012 likitan dabbobi ya hana wadda ta zo ta ɗaya a cikin 'yan Pekin wucewa gaba, saboda ba ta ci gwajin lafiya ba. A 2019 kuma gwamnatin Holan ta fito da ma'auni na hana haɗa karnukan da tsawon bakinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansu ba. Duk da haka yayi bai mutu ba, domin a 2012 da 2021 'yan Pekin ne suka cinye babbar gasar Westminster ta Amurka.

SHI DA ZAFIN ƘASARMU

Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ta sanyaya jiki ita ce haki. A cikin dogon hancin kare akwai wasu siraran ƙasusuwa naɗaɗɗu, lulluɓe da fata mai damshi. In iska ta ratsa su, da kuma harshe, damshin ya tashi ya tafi da zafin jini, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa in iska tana kaɗa ta. Ɗan Pekin an rage masa wannan randa, an matse masa hanyar iska, sa'an nan aka lulluɓe shi da bargo hawa biyu.

Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. In ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna shiga haɗari, kuma mutuwa na iya zuwa cikin ɗan lokaci. A Yamai da Njamena, a watan Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. A Akra da Duwala zafin bai kai haka ba, amma iskar bakin teku cike take da laima, saboda haka damshin harshe ba ya saurin tashi, hakin ba ya yin amfani sosai. In kuma wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗaki ya zama murhu.

Mu gwada shi da karen Azawak na Buzaye, wanda ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Dogon baki, dogayen ƙafafu da suka nisanta cikinsa daga zafin rairayi, gajeren gashi, jiki ba kitse. Shi ƙasarsa da aikinsa ne suka siffanta shi, shi ya sa yake bin barewa da gudu a cikin sahara. Ɗan Pekin kuwa sha'awar idon mutane ce ta siffanta shi, a ƙasar da ake yin sanyi har ruwa ya daskare. Hausawa sun ce son zuciya ɓacin zuciya, sai dai a nan mai son daban, mai shan wahalar daban.

SHAWARARMU

Wanda bai saya ba, muna ba shi shawara ya yi tunani sau biyu. In ya ga lalle sai ya saya, to ya nemi ganin uwa da uban kwikwiyon, ya zaɓi mai hancin da ya fito, kafofinsa a buɗe, wanda ba ya minshari yana farke. Ya kuma tambayi kansa ko yana da halin biyan likitan dabbobi shekara goma sha.

Wanda kuwa ya riga ya mallaka, amana ce ta hau kansa. Kada a fita da shi sai da sassafe ko bayan faɗuwar rana. A ajiye shi a wuri mai inuwa da iska, da ruwan sha a kusa koyaushe. Kada a kuskura a bar shi a cikin mota a rufe, ko da na minti kaɗan ne. A ɗaura masa ɗamarar ƙirji maimakon igiyar wuya, domin igiya tana shaƙe maƙogwaro tana kuma matsa idanu. A riƙa taje gashin a kai a kai, a rage tsawonsa lokacin bazara, a goge ninkin hanci kullum a busar da shi. A hana yara ɗaga shi ta fatar wuya ko wurgo shi daga kan kujera. Kada a cika shi da abinci, domin ƙiba tana ƙara toshe numfashi. In an ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, harshe ya fara yin shuɗi ko yana tangaɗi, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki nan take, a yi masa fifita, a garzaya da shi wurin likita.

Kada kuma a manta da allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗauka ko yaɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Rigakafi dai ya fi magani.

Dabba ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta, kuma duk wanda ya kawo ta gidansa za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Masu tambaya ko ƙarin bayani suna iya aiko mana da wasiƙa ta hannun edita, kamar yadda aka saba. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.